Ku Bari a Ji Motsin Aikin

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuke Yola da Jimeta kuna kwance rediyo da fanka da wayar hannu kuna ɗaurawa, kuna ɗaukar bidiyon aikin kuna sawa a TikTok da YouTube da Facebook, maganata da ku a yau a kan sauti ce.

Rabin ilimin gyara a kunne yake. Ku je kewayen tashar Jambutu ku tsaya kusa da tsohon bakanike idan an kawo masa mota mai ƙara. Kafin ya taɓa noti ko ɗaya zai ce a tayar da inji, ya ɗauki dogon sukudireba ya dafa bakinsa a jikin injin, ya kara kunne a ƙotar, ya gusa nan ya gusa can, sannan ya ɗago ya ce boris ne, ko ya ce tafet ne. Tela yana gane keke na neman mai tun daga yadda kukansa ya sauya. Mai gyaran waya yana jiran ɗan ƙas ɗin nan da mahaɗin sikirin ke yi idan ya zauna daram a mazauninsa, in bai ji shi ba ya san da saura. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya da baki. Yaron shago yana ɗaukarsu ne don ya daɗe a tsaye kusa da maigidansa yana ji.

To, wanda ke kallon bidiyonku a Mubi ko Numan ko Ganye, ko can Garwa a ƙetaren iyaka, ba ya tsaye kusa da ku. Abin da wayarku ta ɗauka shi kaɗai ya samu. Bidiyoyin da nake gani na matasanmu hotonsu tangaran, hannu na aiki da gwaninta, amma sautin aikin ya ɓace ƙurmus, an bi an lulluɓe wurin da waƙa. Wannan yana damuna, domin abin da aka lulluɓe shi ne darasin. Akwai wani mai tashar YouTube a ƙasar Suwizalan, sunan tashar my mechanics, yana ɗauko tsofaffin kayan ƙarfe da suka yi tsatsa ya mayar da su sababbi. Ba ya magana, ba ya sa kiɗa, sai kukan zarto da ƙarar noti da motsin burushi, amma miliyoyin mutane ke kallonsa. Ba lallai ne ku yi shiru irin nasa ba, gara ma ku yi bayani da Hausa ko Fulatanci, domin bidiyon gyara a harsunanmu ba su kai na Turanci ko na Indiyanci yawa ba. Abin da nake so ku lura da shi kawai, mutane suna son jin aiki yana motsi.

Kafin ku sa hannu a aljihu, ku fara sanin dalilin da ya sa waya ke zubar da ƙananan sautuka. Makirufon da ke cikinta an tsara shi ne don muryar mutum, an kuma haɗa shi da manhajar da ke danne duk abin da ba murya ba. Ga kuma nisa. Idan kun kafa waya a kan sanda don ta ɗauki teburin duka, tsakaninta da bakin sukudireba ya kai kamu uku ko huɗu. Ƙa'idar sauti ita ce, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfinsa yana raguwa da kusan desibel 6. Haka nan in aka rage nisan da rabi, an samu ƙarin 6. Wanda ya matso da makirufo daga santimita 80 zuwa santimita 10 ya rage nisa da rabi sau uku ke nan, ya samu ƙarin kusan desibel 18, alhali kukan keke napep da ke wucewa a titi bai ƙaru da komai ba. Hirar yau da kullum tana wajen desibel 60, raɗa tana wajen 30, ku auna da kanku ku ga girman 18 a tsakani. Babu makirufon da za ku saya a Jimeta, ko Farm Centre ta Kano, ko Computer Village ta Ikeja, da zai ba ku wannan ribar yana tsaye daga nesa. Saboda haka tambayar farko ba wane ne ya fi tsada ba ce. Tambayar ita ce, wanne zan iya kai shi dab da aikin ba tare da ya tare mini hannu ko ya rufe hoto ba?

Da wannan ma'aunin, mafi yawan abin da za a miƙo muku a shago zai faɗi da kansa. Makirufon hannu irin na masu gabatarwa a wurin biki da na masallaci an yi shi ne don murya mai ƙarfi da ke dab da bakinsa, kuma kyansa ke nan a wurin taro, tunda ba ya kwaso hayaniya. A teburin gyara kuwa kurma ne. Sai manyan nan masu ƙyalli da ake kira BM-800, waɗanda ake haɗawa da ƙaramin akwatin sauti mai maɓallan tafi da dariya. Suna da kwarjini a hoto, amma in kun buɗe cikinsu sau da yawa ɗan ƙaramin ƙwayar makirufo ne ke zaune a tsakiya, ga su da girma ba sa shiga lungu, akwatin kuma yana ƙara nasa huci.

Wanda na fi jin tsoron ku faɗa masa shi ne ɗan ƙaramin nan marar igiya da ake maƙalawa a wuyan riga, wanda kowane mai barkwanci a TikTok yake riƙe da shi yanzu. Yana da araha, yana da sauƙin aiki, kuma mai shago zai nuna muku inda aka rubuta a kwalin cewa yana kashe hayaniya. Gaskiya ya faɗa, yana kashewa. Sai dai a wurin wannan na'ura, duk abin da ba muryar ɗan Adam ba hayaniya ne. Kukan dalma idan ta narke a bakin ayan, hayaniya ne. Tik-tik ɗin agogo, hayaniya ne. Gurnanin boris ɗin fanka da kuke so mai kallo ya ji kafin gyara da bayan gyara, shi ne abu na farko da za ta share. Wani lokaci ma za ku ji sautin ya faro sai ya yanke a tsakiya, saboda na'urar ta yanke hukunci cewa ba magana ba ce. Ga mai tattaunawa da mutane a cikin Kasuwar Zamani ta Jimeta wannan makirufo alheri ne. Ga mai gyara asara ce, sai fa in yana da maɓallin kashe wannan tacewar, ku kuma gwada ku tabbatar da gaske tana kashuwa. Masu araha da yawa ba su da shi.

Abin da nake ba da shawara ga mai farawa shi ne ɗan makirufon kwala mai igiya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗu a kasuwanninmu shi ne Boya BY-M1: igiyarsa mita 6 ce, yana da ɗan batir LR44 irin na agogo, da makunni mai zaɓi tsakanin waya da kyamara. Ba shi kaɗai ba ne, akwai ire-irensa, sunan bai dame ni ba. Abin da ya sa na zaɓi irinsa, ba ya tace komai, yana ji ta kowace fuska, kuma kansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, don haka za ku iya manna shi da salatif a bakin teburi, ko ku maƙala shi a ɗan sanda ku saukar da shi ɗan yatsa biyu ko uku daga inda hannu ke aiki. Abin da ke cikinsa shi ne irin ƙwayar da Gerhard Sessler da James West suka ƙirƙiro a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka a 1962, wadda ta sa makirufo mai kaifin ji ya zama abin da talaka zai iya saya. Wanda Allah ya hore wa fiye da haka zai iya neman ƙaramar na'urar naɗar sauti irin Zoom H1n, mai aiki da ƙananan batura 2 da katin ajiya, wadda ake iya murɗa ƙarfin ɗaukarta da hannu. Amma kada wanda bai fara samun ko sisi daga bidiyo ba ya ci bashi dominta.

Akwai ma hanyar da ba ta cin ko kwabo. Kusan kowane mai gyara yana da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi a cikin durowa. Ku buɗe manhajar naɗar murya a cikinta, ku kwantar da ita a kan naɗaɗɗen ƙyalle dab da aikin, babbar wayar kuma ta ci gaba da ɗaukar hoto daga nesa. Ku yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara kafin ku fara. Wajen haɗawa, sai ku daidaita tafin da ke cikin sautin da tafin da ke cikin hoton. Ku yi wannan na ɗan lokaci tukuna, zai nuna muku ko matsalarku ta makirufo ce ko ta wurin da kuke zaune.

In kun tashi saye, akwai lamba ɗaya a jikin kwali da ta cancanci ku duba. Kowane makirufo yana da hucin kansa, wani siririn "sss" da ke fita daga kayan lantarkin cikinsa ko da ɗaki ya yi tsit. Mai magana da ƙarfi ba ya jin sa, amma ku da za ku ɗaga ƙaramin sauti sama, tare da hucin za ku ɗaga. Wasu kamfanoni suna rubuta shi kai tsaye da alamar dBA, a nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau: ƙasa da 20 ya yi, abin da ya doshi 30 kuma zai dame ku. Na ɗakunan naɗar waƙa irin Rode NT1 nasu bai kai 5 ba, sai dai suna buƙatar wutar bolt 48 da akwatin haɗi na musamman, wannan ba layinku ba ne yanzu. Wasu kuma suna rubuta S/N, a nan babbar lamba ake so. Ku cire ta daga 94, abin da ya rage shi ne hucin. In an rubuta 74, hucinsa 20 ke nan. In an rubuta 60, ku ajiye. Ku sani kuma takarda ba ta ƙin tawada, kuma samfurin da ya yi suna shi ake yi wa jabu. Shi ya sa gwaji ya fi karatun kwali.

Kada ku biya kuɗi sai an jona a wayarku, ba a wayar mai shago ba. Ku dubi bakin filogin. Mai baƙaƙen zobba biyu na kyamara da kwamfuta ne, waya tana son mai zobba uku. Tecno da Infinix da itel da yawa suna da ramin iyafis, amma iPhone ta daina sa shi tun daga iPhone 7 a 2016, wasu sababbin wayoyin Android ma sun bi sahu, don haka za ku buƙaci ɗan mahaɗi ta ramin caji, shi ma a gwada shi a wurin. Bayan an jona, ku fara ɗaukar bidiyo, ku ƙwanƙwasa kan makirufon da farce a hankali, sannan ku ƙwanƙwasa gindin wayar. In na biyun ne ya fito da ƙarfi, wayar ba ta ma san an jona mata komai ba. Wasu wayoyin manhajar kyamararsu ba ta karɓar makirufon waje, a irin wannan hali ku sauke Open Camera, kyauta ce, tana ba da damar zaɓa. Ku tafi da agogon hannu mai tik-tik ko biro mai maɓalli a aljihu, ku ɗauki sautinsa, ku sa iyafis ku saurara. Ku ɗauki daƙiƙa goma na shiru ku ji yawan hucin. Ku motsa igiyar a wajen wuyan filogi ku ji ko tana ƙaraf-ƙaraf, domin nan ne masu araha ke fara mutuwa. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin kayan waje yake bin dala, don haka ku taya a shago biyu ko uku, kuma ku yi magana a fili da mai shago cewa in kun je gida bai yi ba za ku dawo da shi. Wanda kuke iya komawa wurinsa gobe ya fi tallan intanet da ba ku san fuskar mai shi ba. Siyan nagari mayar da kuɗi gida.

Yanzu sai maganar garinmu, wadda babu kwalin da zai gaya muku. Makirufo mai kaifin ji ba ya zaɓe. Yadda zai ji faɗuwar ɗan sukuru, haka zai ji janareton maƙwabci, da injin markaɗe, da keke napep a hanyar Doubeli, da fankar da ke saman kanku. Fankar nan ita ce babbar abokiyar gaba, domin ban da ƙararta, iskarta na bugun kan makirufo. Na san abin da nake roƙonku idan na ce ku kashe fanka a Yola a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ba na cewa ku kashe ta tsawon aikin. Ku yi aikinku da fanka, idan kun zo gaɓar da sautinta ke da muhimmanci, ku kashe na minti biyu ko uku, ku ɗauka, ku kunna. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba, kafin gari ya tashi: iska da sanyi, titi shiru, janareto bai fara ba. Da damina, musamman Agusta da Satumba, in ruwa ya sauka a kan rufin kwano ku haƙura da ɗauka sai ya tsagaita. Da hunturu kuma kada ku cire ɗan soson da ke kan makirufo, kuma in kun gama ku sa shi a gwangwani ko leda, ƙura tana toshe shi.

Ɗakin siminti wanda babu komai a cikinsa yana mayar da amo, sauti ya fito kamar daga cikin rijiya. Labule, darduma, katifar da aka jingina a bango, ko bargon da aka rataya a bayanku, duk suna shanye wannan. Kada ku ajiye makirufo kai tsaye a kan teburin ƙarfe ko na katako, domin duk guduma ko filayar da kuka ajiye za ta zo masa kamar tsawa. Ku sa soso a ƙarƙashinsa. Kada ku ɗauka waya tana jikin caji. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja marar kyau tana shigo da wannan gunjin cikin sauti. Ku nisanta igiyar makirufo da igiyar ayan da ta na'urar hura iska mai zafi. Ku kashe layin waya ma kafin ku fara, kira ɗaya zai katse muku ɗauka.

Ku masu son ƙirƙira, akwai wani abu da zai burge ku. Cikin tsohon agogon ƙararrawa ko mitar gwajin wuta mai kuka akwai wani siririn faifan tagulla mai farin tsakiya. Shi ke yin kukan, amma aikinsa na juyawa: in aka girgiza shi, wuta yake bayarwa. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a 1880. In kun lanƙaya masa igiya kuka manna shi a jikin keken ɗinki ko murfin fanka, zai ɗauko motsin cikin ƙarfen kansa, bai san da hayaniyar titi ba. Aikin sukudireban bakaniken nan ne, aka mayar da shi na lantarki. Waya ba ta cika gane shi kai tsaye ba sai an haɗa masa rezisto, kuma sautinsa siriri ne in babu ƙaramin abin ƙara ƙarfi, amma ga mai riƙe da ayan wannan aikin yamma ɗaya ne. Ina roƙonku da Allah, kada ku manna shi a kan abin da ke jone da wuta ta ciki, ko a kusa da manyan kafasito na tsohuwar talabijin, waɗanda ke riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Ku kuma kiyaye igiyarsa daga bel da sarƙa da fukafukin fanka.

Wajen tacewa, ku yi sauƙin hannu. Maɓallin rage hayaniya da ke CapCut da ire-irensa yana yin ɓarnar da makirufo marar igiya ke yi, don murya aka yi shi. In dole ne, Audacity a kwamfuta kyauta ce, kuma tana bari ku nuna mata hucin kaɗai ku rage shi kaɗan. Bayaninku kuwa za ku iya naɗarsa daga baya a ɗaki mai shiru ku ɗora, ku yi shiru a inda aikin ke magana. In za ku sa kiɗa, ku sa a farko da ƙarshe.

Akwai abu biyu da suka shafi amana. Na farko, kada ku ɗauko ƙarar wani injin ku ɗora a kan naku don ya yi daɗin ji. Wani yaro zai riƙe wannan sautin a kansa a matsayin kukan lafiyayyen inji, ya je ya yi wa mutum aiki da shi. In kun ce ga ƙarar fanka kafin gyara ga ta bayan gyara, to makirufo ya zauna a wuri ɗaya, ƙarfin ɗauka ɗaya, a duka biyun. Na biyu, makirufo mai jin faɗuwar sukuru yana jin hirar da ake yi a bayan labule, da cinikin da maigidanku ke yi da mai kaya, da saƙon muryar da ya shigo wayar da aka ba ku gyara. Ku sanar da mutanen wurin cewa kuna ɗauka. Ku nemi izinin maigida in shagonsa ne, da na mai kaya in kayansa ne, ku kuma saurari abin da kuka naɗa daga farko har ƙarshe kafin ya fita, ku yanke duk abin da ba naku ba.

Kafin ku saki bidiyo, ku saurare shi sau biyu, da iyafis da kuma lasifikar ƙaramar waya, domin da ita yawancin masu kallonku za su ji. Gurnani mai kauri irin na boris yana ɓacewa a ƙaramar lasifika, in haka ta faru ku rubuta a kan hoton cewa a sa iyafis a wannan gaɓar. Kuma ku ɗora shi daga wayar da aka haɗa shi. In kun tura wa aboki ta WhatsApp don ya ɗora muku, manhajar za ta matse shi ta rage masa inganci, sai dai in kun aika shi a matsayin fayil.